DARASIN WANNAN WATA: SAURARI KUKAN MOTARKA

Darasinmu na wannan wata a kan mota ne. A ƙauye mota tana da babban aiki. Ita ke kai amfanin gona kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan ta mutu a daji, gareji yana da nisa, kuɗin gyara kuma yana da yawa.

Za mu yi magana a kan ƙaramar mota mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda ake kira salun. Kowa ya san Peugeot 504, wato Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. An daina harhaɗa 504, amma har yanzu ana ganin ta a hanyoyin karkara. Ban da ita akwai irin su Toyota Camry da Honda Accord, waɗanda akasarinsu na hannu ne da aka shigo da su daga waje.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: mota takan yi kuka kafin ta mutu. Wanda ya saurara da wuri zai yi ƙaramin gyara. Wanda ya toshe kunne zai yi babba. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN KA JE WURIN MAKANIKI

Idan ka kai yaro asibiti, likita zai tambaye ka inda ke ciwo da ranar da ciwon ya fara. Haka makaniki yake. Idan ka ce masa "motata tana ƙara" ka yi shiru, zai yi ta lalube. Zai kwance wannan, ya canza wancan, kai kuma kana biya. Saboda haka ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka nemi amsar waɗannan tambayoyi:

1. Daga ina ƙarar take fitowa? Gaba ko baya? Dama ko hagu? Cikin inji ko ƙarƙashin mota?
2. Yaushe take fitowa? Da safe in an tayar da mota, ko in an taka birki, ko a kan kwana, ko a gargada?
3. Yaya take? Tsuwa ce, ko gurnani, ko ƙwanƙwasa, ko gogar ƙarfe?
4. Tana ƙaruwa in mota ta ƙara gudu? Tana nan ko da mota tana tsaye inji na aiki?

Tambaya ta huɗu tana da amfani ƙwarai. Idan mota tana tsaye kuma ƙarar tana nan, to ka nemi laifin wajen inji. Idan sai mota ta motsa ƙarar ke fitowa, to ka nemi laifin wajen ƙafafu, ko birki, ko giya.

KUKAN DA KE FITOWA DAGA INJI

Tsuwa da safe. Ka tayar da mota ka ji tsuwa mai tsawo, can kuma ta daina. Sau da yawa fanbel ne ya saki ko ya tsufa. Kashe mota, ka buɗe gaba, ka danna shi da yatsa. In ya yi laushi da yawa a ɗaure shi. In ya tsattsage a canza shi. Fanbel ba shi da tsada. Amma in ya tsinke batir zai daina caji, a motoci da yawa kuma ruwa zai daina zagaya inji, inji ya yi zafi.

Ƙas-ƙas daga saman inji. Ƙara ce ƙarama mai sauri, kamar ta keken ɗinki. Fara auna baƙin mai, wataƙila ya yi ƙasa. In mai ya cika kuma ƙarar tana nan, makaniki ya duba bawul.

Ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani lokacin hawan tudu. Wannan yakan faru in fetur ba shi da kyau, ko saitin wuta ya goce, ko kuma direba yana hawan tudu da babbar giya. Koma ƙaramar giya. In ƙarar ta ci gaba a duba saiti. Ka guji fetur ɗin da aka yi wa gauraye.

Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji. Wannan shi ne mugun kuka. Yana nuna ƙarfe na bugun ƙarfe a cikin inji domin mai bai isa wurin ba. Kashe mota nan take. In ka ce bari in lallaɓa zuwa gida, inji zai buga. Kuɗin jan mota bai kai kuɗin sabon inji ba.

KUKAN ƘAFAFU DA BIRKI

Gurnani mai ƙaruwa da gudu. Kana tafiya ka ji "wuuu" kamar jirgin sama daga nesa. In ka karya kwana ƙarar ta ƙaru ko ta ragu. Wannan alamar boris ɗin ƙafa ne. Makaniki zai ɗaga motar da jak, ya juya tayar da hannu, ya girgiza ta. Kada ka yi jinkiri, domin boris da ya ci sosai yana iya sa ƙafa ta cije ko ta fice a kan gudu. Tayar da ta ci gefe ɗaya ita ma takan yi irin wannan gurnani, saboda haka a duba taya tukuna.

Ƙat-ƙat-ƙat a kan kwana. Ana jin wannan a motocin da ke ja da ƙafafun gaba, irin su Camry da Accord. Akwai sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafa, makanikai na ce mata shaf. A bakinta akwai roba mai riƙe giris. In robar ta yage, giris zai zube, yashi ya shiga, haɗin ya cinye. Ka riƙa leƙa robar nan. Canza roba tun da wuri ya fi canza shaf sauƙi. Ita 504 da ƙafafun baya take ja, saboda haka ba ta da wannan shaf a gaba.

Gwaf-gwaf a gargada. Hanyoyinmu na karkara suna gajiyar da shakazoba da robobin ƙarƙashin mota. Danna gefen motar da ƙarfi ka saki. In ta yi ta lilo sama da ƙasa, shakazoba ta mutu. In kuma sitiyari yana wasa a hannunka, mota na yawo a kan hanya, maza a duba haɗe-haɗen ƙafar gaba.

Tsuwa in an taka birki. Wasu takalman birki suna da ɗan ƙarfe da aka sa da gangan. In takalmin ya kusa ƙarewa, ƙarfen zai taɓa faranti ya yi tsuwa don ya gargaɗe ka. Canza takalman duka gefe biyu tare.

Gogar ƙarfe in an taka birki. Takalmi ya ƙare ƙaf, ƙarfe na cin faranti. Motar nan ba ta cancanci ɗaukar mutane ba sai an gyara. Haka nan in birki ya yi laushi, ƙafarka na nutsewa har ƙasa. Wataƙila man birki na yoyo ko iska ta shiga.

Ruri daga ƙarƙashin mota. Salansa ta fashe ko ta huje. Wasu sukan ce ai ƙara ce kawai. To, hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. In ta shiga cikin mota takan sa ciwon kai da barci, har ta yi kisa. A liƙe salansa da wuri. Kada kuma a bar inji na aiki a rufaffen ɗaki.

ALAMU HUƊU DA KE CEWA TSAYA YANZU

1. Jar fitila mai hoton butar mai ta kama kana cikin tafiya.
2. Allurar zafi ta kai ja, ko tururi na fita daga gaba.
3. Birki ya yi laushi ko yana gogar ƙarfe.
4. Ƙwanƙwasa mai nauyi a cikin inji.

In inji ya yi zafi kada ka buɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa zai yi tsiri ya ƙona maka fuska da hannu. Jira har inji ya huce.

MENE NE GARANTI?

Garanti alkawari ne a rubuce. Mai sayarwa yana cewa, in abin nan ya lalace saboda laifin ƙira cikin lokaci kaza, zan gyara ko in canza kyauta. Kamfanoni da yawa suna ba sabuwar mota garantin shekara 3 ko tafiyar kilomita 100,000. Duk wanda ya riga cika a cikin biyun, garanti ya ƙare. Na wasu ya fi haka, na wasu bai kai ba. Abin da ke cikin takardarka shi ne naka.

Garanti ba ya ɗaukar komai da komai. Yawanci ba ya biyan abubuwan da ke cinyewa da aiki, kamar takalmin birki da fulogi da matatar mai. Ba ya biyan ɓarnar haɗari, ko ta lodi fiye da kima, ko ta gurɓataccen fetur. Yana kuma da sharuɗɗa. Babban sharaɗi shi ne a yi sabis a kan lokaci a garejin da kamfani ya amince da shi. In ka ji ƙara a motar da ke da garanti, kada ka bari wani ya kwance ta a gefen hanya. Yin haka na iya rushe alkawarin. Kai ta inda ka saya. Ka sa su rubuta ƙorafinka da ranar da ka zo da kilomitar da mota ta yi, su ba ka kwafi. Ko da sun ce ba su ji komai ba, takardar nan ita ce shaidarka cewa ka kai kuka kafin garanti ya ƙare.

Mota ta hannu fa? Yawancinsu garantin kamfani ya riga ya ƙare. Saboda haka kafin ka biya, je da makanikin da ka yarda da shi. A tayar da ita da sanyin inji. A hau da ita kwalta da gargada. In dillali ya yi maka wani alkawari, ya rubuta ya sa hannu gaban shaidu.

Kayan gyara ma suna da nasu garanti. Sabon batir yakan zo da garantin wasu watanni. Ka tambaya wata nawa ne, ka sa a rubuta a kan rasit. In makaniki ya canza maka wani abu, ka karɓi tsohon ka gani da idonka. Ka tambaye shi, in ƙarar ta dawo cikin mako biyu wa zai biya? A yi wannan magana kafin aiki.

In mai sayarwa ya ƙi cika alkawarin da ya rubuta, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wato FCCPC. A shekarar 2019 aka sa hannu a dokar da ta kafa ta. Za a nemi ka nuna rasit da takardar garanti. Saboda haka ka adana su cikin leda, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba.

KULA DA MOTA

Kowace safiya kafin ka tayar: auna baƙin mai a wuri mai daidai, duba ruwan lagireto, duba man birki, zagaya ka dubi tayoyi, ka leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga.

Kowane mako: auna iskar taya tun ba ta yi zafi ba, har da safaya. A motoci da yawa an rubuta adadin iskar a jikin ƙofar direba. Duba kan batir, in ya yi farin gari a wanke.

Juye: a hanya mai ƙura makanikai da yawa suna ba da shawarar canza baƙin mai da matatarsa bayan kilomita 5,000. Littafin da ya zo da motar shi zai faɗa maka daidai. Sayi mai a rufaffen galan daga wurin da ka sani. Araha ba ta ado.

Lokacin hunturu: ƙura tana toshe matatar iska. Inji ya rasa numfashi, ya riƙa shan fetur da yawa. A ciro ta a kakkaɓe, in ta yi baƙi a canza.

Shekarun taya: a gefen taya akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tsohuwar taya kuma takan fashe a zafin kwalta.

LITTAFIN MOTA

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a cikin mota. Ja layi huɗu a kowane shafi: rana, kilomita, aikin da aka yi, kuɗin da aka biya. Ga misali. Ka yi juye allon mota na nuna 85,000. Ƙara 5,000. Juye na gaba zai zo a 90,000. Rubuta wannan lamba da manyan baƙi. In ka ji sabuwar ƙara, rubuta ranar da amsoshin tambayoyin nan huɗu. Littafin zai taimaki makaniki, ya tsaya maka wajen garanti, ya kuma ƙara wa motar daraja ranar da za ka sayar.

TAMBAYOYI

1. Faɗi tambayoyi huɗu da za ka amsa kafin ka je wurin makaniki.
2. Mota tana tsaye amma ƙara na fita. A ina za ka nemi laifin?
3. Me za ka yi in jar fitilar mai ta kama?
4. Kawo abubuwa biyu da garanti ba ya biya.
5. An yi juye a kilomita 62,000. A kilomita nawa za a yi na gaba?
6. An rubuta 1022 a gefen taya. A wane mako da wace shekara aka yi ta?

Ku rubuta amsoshin a littafinku, ku karanta wa direbobin garinku wannan darasi. Allah ya kiyaye hanya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.