Wakilci da Lafiyar Jama'a: Nazarin Matsayin Ɗan Majalisa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba matsayin ɗan majalisar dokoki a tsakanin mutanen da suka zaɓe shi, musamman ta fuskar kiwon lafiya da zamantakewa. An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, don ta zame mana madubi. Dalili kuwa shi ne, ƙasa ce da ta daɗe tana fid da 'yan siyasa masu suna, ga ta kuma ƙasar manoma wadda yawancin mutanenta suke zaune a karkara, nesa da manyan asibitocin birni. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me jama'a suke nema wurin wakilinsu, me kuma doka ta ɗora masa?

Ƙasar da Wakilanta

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Tarihin baka ya nuna cewa daga nan ne wani maƙeri mai suna Kano ya tashi ya zo gindin Dala neman tama, zuriyarsa kuwa su ne ake kira Abagayawa. A ƙidayar da aka fi dogara da ita, watau ta 2006, ƙaramar hukumar Gaya tana da mutane fiye da dubu 200, maƙwabciyarta Ajingi kuwa fiye da dubu 170. Kowacensu tana da mazaɓu 10, kuma kowace tana da kujera ɗaya daga cikin kujeru 40 na Majalisar Dokokin Jihar Kano. A Majalisar Wakilai ta Tarayya an haɗa su da Albasu sun zama mazaɓa guda.

Tun zamanin Jihar Arewa ƙasar nan take da murya a majalisa. Alhaji Sule Gaya, Sarkin Fadan Kano, ya zauna a Majalisar Kaduna a jam'iyyar NPC, ya kuma riƙe minista a gwamnatin Sardauna kafin juyin mulkin Janairun 1966. Bayansa akwai Kabiru Ibrahim Gaya, masanin zanen gine-gine, wanda ya yi Gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, ya kuma wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023. Amma wanda ya fi dacewa da nazarinmu shi ne Abdul'aziz Garba Gafasa, wanda ya wakilci Ajingi a majalisar jiha, wanda ya ɗauki sunan garinsu Gafasa kamar yadda al'adar 'yan boko da 'yan siyasar ƙasar Hausa take. Ya shugabanci majalisa sau biyu: daga 2007 zuwa 2011 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sa'an nan daga Yunin 2019 zuwa Disambar 2020, sa'ad da ya ajiye muƙamin.

Ya kamata ɗalibin Hausa ya ɗan tsaya a kan sunan wannan muƙami. Ana ce wa shugaban majalisa “kakaki”. Asalin kakaki kuwa abin busa ne na sarauta, ba a busa wa talaka shi. Watau kalmar da aka zaɓa don mai magana da yawun jama'a, daga fada aka aro ta. Haka nan “wakili” da “majalisa”, waɗanda muka aro daga Larabci, sun daɗe a bakin masu sarauta kafin zuwan ƙuri'a. Saboda haka ba mamaki in mutumin ƙauye ya ɗauki ɗan majalisa tamkar wani ƙaramin basarake, wanda ake zuwa ƙofarsa da safe a yi gaisuwa a kai kuka.

Abin da Jama'a Suke Nema

A idon mai zaɓe, wakili nagari shi ne wanda in mace ta kasa haihuwa zai ba da mota a kai ta asibiti, in an rubuta magani ya biya, in rijiya ta ƙafe ya haƙa burtsatse. Ba a raina wannan ba, domin wanda ɗansa yake kwance ba ruwansa da sashe na kaza na dokar kaza. Sai dai taimakon aljihu yana da iyaka. Wanda ya san hanyar gidan wakili ne yake samu, kuma ranar da wakili ya faɗi zaɓe, ranar taimakon yake yankewa.

Abin da Doka ta Ɗora Masa

Tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha iko iri uku: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe su. Ta waɗannan ƙofofi ne lafiyar mutumin Toranke ko Kademi take shiga hannun ɗan majalisa. A 2016 majalisar Kano ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniya ta kiwon lafiya, inda ake tara gudummawa don a rage wa marar lafiya nauyin biya daga aljihunsa. A 2017 aka yi dokar asusun kiwon lafiya na jiha, wanda aka yanka masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar da jiha take tarawa, da kashi 1 cikin 100 na kason ƙananan hukumomi 44. A matakin tarayya kuma, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci. Rubuta kaso a takarda abu ne mai sauƙi. Aikin wakili shi ne ya tashi a zauren majalisa ya tambaya ko an saki kuɗin, nawa ne kuma suka isa asibitin mazaɓarsa.

A nan akwai wani kwatanci mai ban sha'awa. A Mayun 2019 majalisa ta zartar da dokar kafa sababbin masarautu 4, har da ta Gaya, cikin 'yan kwanaki. Da kotu ta rushe ta a Nuwamba, majalisar da Gafasa yake shugabanta ta sake yin wata a Disamba, ita ma ba tare da jan ƙafa ba. A Mayun 2024 wata majalisar ta soke dokar a gurguje, kafin a mayar da Gaya masarauta mai daraja ta biyu a Yulin shekarar. To, amma dokar kare haƙƙin yara, wadda Tarayya ta yi tata tun 2003, sai a 2023 Kano ta sami irin tata. Gaskiya ne akwai batutuwan addini da al'ada da suka bukaci a zauna da malamai, kuma gaskiya ne masarautar ta zo wa Gaya da alkawarin faɗaɗa babban asibitin garin. Duk da haka, a ganina, tazarar da ke tsakanin kwanaki da shekara 20 ta nuna inda hankalin majalisa ya fi karkata.

Harshe da Yarda

Akwai wani aiki na wakili da tsarin mulki bai ambata ba, shi ne tafinta tsakanin likita da jama'a. Sunayen cututtuka a Hausa suna ɗauke da fahimtar mutane game da su. “Shan-inna” ya samo asali ne daga imanin cewa wata aljana, Inna, ita take shanye ƙafar yaro. Wanda ya tashi da wannan fahimta, ɗigon magani a baki ba zai gamsar da shi nan da nan ba, balle an haɗa da raɗe-raɗin cewa maganin yana hana haihuwa, ga kuma tabon gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996. Haka aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Sai da sarakuna da malamai da shugabannin siyasa suka sa baki da harshen da jama'a suke ji, kafin a kai ga shelar kawar da ita daga Afirka a Agustan 2020. Ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta nuna cewa har yanzu da sauran aiki a kan rigakafi.

Dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Mayun 2024, ita ce sabuwar jarrabawa. Ta wajabta gwajin rukunin jini na gado, da ciwon hanta, da ƙanjamau, da tunjere kafin a ɗaura aure. Hikimar a fili take: in masu ɗauke da AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na zuwa da amosanin jini, watau sikila. Amma a ƙauye, inda auren zumunci yake da ƙarfi kuma iyaye suke yin alkawari tun yara suna ƙanana, fasa aure saboda takardar asibiti ba ƙaramin abu ba ne. Dole a sami wanda zai bayyana wa waliyyi cewa mai AS lafiyayye ne, haɗuwar biyun ce abin gudu, don kada a mai da yarinya abin ƙyama a gari. Dole kuma gwajin ya samu kusa, a kan kuɗin da manomi zai iya biya. In sai mutumin Gurduba ya yi kuɗin mota zuwa Gaya ko Wudil, shi da yarinya da mai raka ta, to limamin ƙauye zai sami kansa tsakanin dokar gwamnati da matsin maƙwabtansa. Sanya kayan gwaji da ma'aikacinsu a asibitin kowace mazaɓa kuwa magana ce ta kasafin kuɗi, kasafin kuɗi kuma sai ya bi ta gaban wakilin Gaya da na Ajingi kafin ya zama doka.