Kabewa

Tondikandiya ƙasa ce ta yankin Filinge, cikin jihar Tilaberi. Babban garinta shi ne Damana. Kwarin Dallol Boso ya ratsa ta, kamar yadda ya ratsa ƙasar Kurfai. A cikin kwarin nan ruwa ba shi da nisa. Rijiya gajera ma tana ba da ruwa.

Hatsi shi ne babban abincin mutanen ƙasar. Amma ba kowace shekara damina ke kyau ba. A shekarar 1973 da ta 1984 an yi fari, rumbuna suka zama wayam. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce, wanda aka haifa a Fandu ta Tondikandiya, ta kira talakawa ga noman rani. Kabewa tana cikin abubuwan da ake shukawa a garka.

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka ne. Zabarmawa suna ce mata laptanda. Tana son ƙasa mai taki. Manomi yakan gina gurbi, ya zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe, ya sa ƙwaya 3. Tsakanin gurbi da gurbi yakan bar mita 2 ko 3, don kabewa yaɗo take yi.

Furenta iri biyu ne: namiji da mace. Macen tana da ɗan ƙullutu a gindinta. Ƙudan zuma ke ɗauko garin furen namiji su kai wa macen. In babu su, ƙullutun sai ya bushe ya faɗi.

Bayan wata 3 ko 4 kabewa ta nuna. Ana gane haka in ɓawonta ya yi tauri, farce ba ya huda shi. Sai a yanke ta da ɗan guntun kara. Kada a jefa ta, kada a ji mata rauni, don ta wurin raunin take fara ruɓa. In an ajiye ta a inuwa, inda iska ke shiga, takan yi watanni ba ta lalace ba. Wadda aka tsinka cikin rani tana iya kaiwa bazara, lokacin da hatsi ya yi ƙaranci a rumbu.

Mata suna yin miyar taushe da ita. Suna dafa ta da wake, ko su fere ta su shanya. Ƴaƴanta ma ana soyawa a ci, a ware masu kyau don iri. Jan naman kabewa yana da bitamin A, mai tsare yara daga dundumi. Kabewa ba ta maye gurbin hatsi, amma gidan da ya ajiye ta, hatsinsa ya fi daɗewa.

Tambayoyi

1. Don me noman rani yake yiwuwa a Dallol Boso?
2. Wane aiki ƙudan zuma ke yi wa kabewa?
3. Yaya ake gane kabewa ta nuna?
4. Me ya sa ba a jefa ta?