Wasiƙa Zuwa ga Ɗaliban Sabon Birni da Isa

'Ya'yana,

Kun tashi a zamanin da iyaye ke jinjina kafin su tura yaro makaranta. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana na kan iyaka, har da na nan yankinmu. A 2021 aka sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yawuri. A Maris na 2024 kuma aka shiga Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada da dare, aka kwashe almajiran tsangaya. Ɗan bindiga bai damu da boko ko allo ba, kuɗin fansa yake nema.

Amma ɓarawon daji baƙo ne a cikin gari. Bai san ɗakin kwanan ɗalibai ba, bai san inda katanga ta zube ba, bai san daren da sojoji suka janye ba. Wani ke sanar da shi, kuma sau da yawa matashi ne sa'anku. Da aike ake farawa: kawo mana fetur a jarka, sayo burodi, sa mana kati a waya. Sai tambaya ta biyo baya: 'ya'yan wa ke kwana a makaranta? Ran da ka amsa, ka zama infoma, kuma wanda ya cika maka aljihu yau shi zai cinna wa rumbun mahaifinka wuta in ka ce ka tuba.

Na san a cikinku akwai wanda aka harbe mahaifinsa a gona, zuciyarsa na raya masa ya ajiye littafi ya ɗauki bindiga. Ba na raina wannan zafin. Waɗanda suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024 ba su bar kowa da sanyin rai ba. Sai dai ramuwar gayya kan Bafulatanin da ba shi da laifi sabbin mayaƙa take haifa wa jagororin 'yan bindiga irin su Bello Turji. Katange makaranta da tsaronta haƙƙi ne a wuyan hukuma, mu manya ne za mu matsa mata.

Naku shi ne kame baki. Kada ku yaɗa zancen jami'an tsaro a WhatsApp ko a teburin mai shayi. In kun ga baƙon babur yana zagaya makaranta, ko abokinku ya yi kuɗi ba sana'a, ku sanar da shugaban makaranta ko mai unguwa a asirce, tun kafin rana ta faɗi.

Allah ya tsare ku. Wassalam.