Sankarar Bakin Mahaifa da Macen da ke Son Haihuwa

Sankarar bakin mahaifa cuta ce da ƙwayar HPV ke haddasawa, wadda ake ɗauka wajen saduwa. Takan yi shekaru tana ci a ɓoye kafin alamunta su bayyana: jini bayan saduwa, jini ba lokacin al'ada ba, ko ruwa mai wari.

Babban haɗarinta jinkiri ne. Mace takan ɓoye ciwon don tsoron a cire mata mahaifa, ta koma ga jiƙe-jiƙe da hayaƙi, alhali jinkirin ne ke jawo cirewar. Misalinta kamar gara ce a rufin soro. In maigida ya gan ta tun tana azara ɗaya, sai ya zare azarar, ɗaki ya zaunu. In kuwa ya yaɓe wurin don kada baƙo ya gani, gara ba ta san kunya ba. Za ta bi azara bayan azara har sai an sauke rufin gaba ɗaya. Mijin da ya hana matarsa zuwa asibiti, da uwar da ta ce a rufa asiri, su sani amana suka ci, domin addini ya yi umarni da neman magani.

In an kama cutar da wuri, akwai hanyar tsira da mahaifa. Wadda ba ta yi zurfi ba, likita kan yanke ɗan wurin da ya kamu kawai. Wadda ta ɗan girma amma ba ta wuce santimita 2 ba, kuma ba ta kai ga kaluluwa ba, akan cire bakin mahaifar, a bar jikinta, a ɗaure ƙasanta da zare. Likitan Faransa Daniel Dargent ne ya fito da wannan aiki. Bayansa ana iya ɗaukar ciki, sai dai akwai barazanar ɓari da haihuwar bakwaini, kuma haihuwa sai ta tiyata. Komawa asibiti a kai a kai wajibi ne. In cutar ta yaɗu, sai cire mahaifa ko gashi da na'ura, wanda ke kashe ƙwan haihuwa.

Gwajin bakin mahaifa, wanda ke kama cutar da wuri, na 'yan mintoci ne. Nijeriya kuma ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a watan Oktoban 2023.