Me Ya Haɗa Waya da Ƙiba?

Wasu yayyenmu na Nima da Mamobi sukan dawo hutu daga jami'ar Legon da teɓa, waya kuwa ba ta barin hannunsu. Dalili uku ne. Na farko, dogon zama ba motsi. Na biyu, raba dare a TikTok: ƙarancin barci yana ƙara yunwa, sai indomi tsakar dare. Na uku, mai ci yana kallo bai san ya ƙoshi ba. Ƙiba kuma ƙofar hawan jini da ciwon sukari ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, mu yara minti 60 kullum. Jiki amana ne. Mu saba tun yanzu: bayan La'asar ƙwallo a filin Kawukudi, bayan Isha'i a ajiye waya. Allah Ya ba mu lafiya, amin.