TARIN FUKA: YADDA YAKE KAMA MANOMI

Jama'a manoma, kowa ya san wuta-wuta. Irinta yakan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, ba wanda ya san da shi, sai ranar da gona ta gaji a shuka dawa, nan ne za ta fito ta yi ɓarna. To, haka tarin fuka yake a jikin mutum.

Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta a 1882. In mai ciwon ya yi tari, ƙwayoyin sai su bi iska, wanda ke kusa ya shaƙa, su sauka can cikin huhu. Ɗakin kwana marar taga ya fi ko'ina haɗari.

Da saukarsu sai dakarun da ke cikin jini su taru su kewaye su, kamar an yi musu shinge. Ba lalle su mutu ba, kwanciya suke yi. A wannan hali mutum garau yake, yana nomansa, ba ya kuma sa wa kowa. Cikin mutum 10 da suka shaƙa, wajen 1 ne ciwon ke tasar wa, galibi cikin shekara 2 na farko.

Me ke karya shingen? Raunin jiki. Yunwa ce kan gaba, musamman da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa ga kuma aiki ya yi yawa. Sai ƙanjamau, da ciwon suga, da shan taba, da tsufa. Ƙananan yara ma ba su da ƙarfin tsare ta. Shinge na karyewa ƙwayoyin sai su yi ta hayayyafa, wurin ya ruɓe ya yi laushi, har rami ya buɗe cikin huhu. Daga nan ne kaki ke fitowa, wani lokaci da jini, kuma daga nan ne mutum ke sa wa iyalinsa. Ga zazzaɓin yamma, ga zufa da dare, ga rama, fartanya ta gagari mutum. In ƙwayoyin sun bi jini sukan kai ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa.

Masu shanu, ku lura: shanu ma suna da irin nasu, yana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, yakan kuma kumbura kaluluwar wuya. A tafasa madara kullum. Saniya mai tari da rama, a kira malamin dabbobi ya duba ta.

Duk tarin da ya kai mako 2, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai an gama girbi. A je asibiti a auna kaki. A Nijeriya maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shansa wata 6. Sauƙi yakan zo da wuri, amma wanda ya daina a tsakiya ciwon na iya dawowa ya ƙi jin magani. Jariri kuwa a kai shi allurar BCG da zarar an haife shi.