Darasi na 14: Zaɓen Kwikwiyon Shar-Pei da Kula da Shi

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙarshensa.

A Hausa, ɗan kare shi ake kira kwikwiyo, jam'insa kuwa kwiyakwiyai. A cikin kwiyakwiyan duniya da wuya ka sami wanda ke jan ido kamar na Shar-Pei. Fatarsa ta yi masa yawa, ta tattare a goshi da wuya da gadon baya, sai ka ce yaro ya sa babbar rigar mahaifinsa. Kunnuwansa ƙanana ne, bakinsa faffaɗa kamar na dorina, harshensa kuma shuɗi mai duhu. Ka lura cewa babu harafin "p" a baƙaƙen Hausa, saboda haka Bahaushe zai furta ƙarshen sunan da sautin "f".

Asalin wannan kare daga kudancin ƙasar Sin ne, musamman lardin Guangdong. Ma'anar sunansa ita ce "fatar yashi", domin gashinsa gajere ne mai kaushi. Manoma sun daɗe suna kiwonsa don gadi da farauta, wasu kuma suna sa shi faɗa da 'yan'uwansa. Bayan shekarar 1949 kiwon karnuka ya ja baya ƙwarai a Sin, har irin ya kusa ɓacewa. A shekarar 1973 wani makiyayin karnuka a Hong Kong mai suna Matgo Law ya yi kira ga mutanen Amurka su taimaka a ceci irin. Suka amsa kiran, aka shiga hayayyafa shi.

A nan ne matsala ta kunno kai. Karen asali ba shi da tattarar fata da yawa. Amma masu saye sun fi son wanda ya fi ninkin fata, sai masu kiwo suka riƙa haɗa masu yawan ninki da junansu. Abin da ke kawo ninkin shi ne wani sinadari mai yauƙi da ke taruwa a fata, ana kiransa hayaluronan. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2011 ya nuna cewa yawan wannan sinadari yana da alaƙa da zazzaɓin da ake gada a zuriyar Shar-Pei. Zazzaɓin kan ɗauki awa 24 zuwa 36, gaɓoɓin ƙafafun baya su kumbura, sannan ya sauka. Idan yana yawan dawowa, yakan lalata ƙoda, ya kashe kare tun bai tsufa ba. Ninkin fuska kuma yakan sa fatar ido ta naɗe ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar idon. In ba a yi masa aiki ba, kare na iya makancewa.

Saboda haka, idan iyayenka suka tafi da kai zaɓen kwikwiyo, kada ka miƙa hannu ga wanda ya fi kowa tattara. A ganina, wannan shi ne wanda ya fi dacewa a bari. Ka nemi mai matsakaicin ninki, wanda idanunsa suke a buɗe, babu kwantsa ko hawaye. Ka sunsuna kunnensa, domin wari alamar ciwo ce. Ka saurari numfashinsa, ka ga ko yana tafiya ba ɗingishi. Ka roƙi mai kiwo ya nuna maka uwar, ka tambaye shi ko ita ko uban sun taɓa yin zazzaɓi mai kumburin ƙafa. Wanda ya ƙi nuna uwa ko katin allura, akwai abin da yake ɓoyewa. Kada kuma a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8.

Da an kawo shi gida, sai a kai shi wurin likitan dabbobi don allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta ne idan ya kai kamar wata 3, kuma wajibi ce, domin cutar tana kama mutum, da zarar alamunta sun bayyana kuwa kusan kullum ajali ne.

Yanayin ƙasarmu ma abin dubawa ne. Shar-Pei ba ya jure zafi, don haka a tanadar masa inuwa da ruwan sha mai tsabta, a fita da shi yawo da sassafe ko bayan la'asar. Da damina, danshi yakan maƙale a cikin ninkin fata ya haifar da ƙuraje da wari. Bayan wanka a buɗe kowane ninki a tsane shi da tawul, a kula kada ruwa ya shiga kunne, domin ramin kunnensa ƙunci gare shi. A nan ne kuma za ka riƙa neman kaska da ƙuma. Game da abinci, kada a zuba masa ragowar miya mai albasa, kada a ba shi cakulan ko inabi, domin guba ne ga kare. Dafaffen ƙashin kaza ma yakan tsage ya ji masa rauni a ciki.

Halinsa fa? Kare ne mai natsuwa, mai son mutanen gidansa, amma ba ya sakewa da baƙo, kuma yana da taurin kai. Kwikwiyon da kake ɗauka da hannu ɗaya yau zai kai nauyin kilo 20 zuwa 27, ya rayu shekara 8 zuwa 12. Tun yana ƙarami a saba masa da baƙi da yara da sauran dabbobin gida, a koya masa zama da zuwa ta hanyar yabo da ɗan abin taɓawa. Duka ba ya ƙara masa komai sai gardama. Ko ya yi sabo, kada a bar shi da ƙaramin yaro ba tare da babba a kusa ba. Ka tuna kuma cewa a gidajen Hausawa da yawa kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa tsakar gida, ba cikin ɗaki ba. Idan irin waɗannan baƙi suka ziyarce ku, ladabi ne a ɗaure shi kafin su shigo.

Tambayoyi

1. Mece ce ma'anar sunan Shar-Pei, kuma daga ina asalinsa yake?
2. Me ya sa marubucin ya ce kada a zaɓi kwikwiyon da ya fi tattarar fata?
3. Kawo abubuwa uku da bai kamata a ba kare ya ci ba.
4. Rubuta jam'in waɗannan kalmomi: kare, kunne, ido, baƙo.
5. Yi amfani da "kunno kai" da "taurin kai" a cikin jimlolinka.